Loma da Dama

Ina wankin kalwa a bakin rijiya,
ƙwarya ta kuɓuce, hannu ya ƙi ɗauka.
Na kira Jummala, baki ya karkace,
rabin sunan ya fito, rabi ya maƙale.

Kwana goma sha tara a asibitin Dutse.
Suka ce jini ne ya hau, ɓarin jiki ya shanye.
Na dawo Katanga a bayan a-kori-kura,
a shimfiɗe, kamar buhun da mai shi bai zo ba.

Ni Delu, da na aurar da bakwai da kuɗin daddawa,
yau jika ke ba ni koko a baki,
tana hurawa, tana cewa, "Haɗiye, Inna."
Ba ciwon ne ya fi cin raina ba.
Butar alwala ce, tana kallona daga bakin ƙofa,
taku huɗu, amma kamar ƙetaren kogi.
Da kewayawa, wadda ba na son faɗa:
a riƙe ki, a jira ki, a kau da kai.

Ran kasuwar Shuwarin wata yarinya ta sauka daga babur.
Sakina. Ba allura, ba kwalba.
Na ce, "'Yar nan, ina maganin?"
Ta ce, "Inna, me kika fi kewa?"
Duk tsawon jinya ba wanda ya tambaye ni haka.
Na ce, "In ci tuwona da hannuna. Na dama."

Ta zaga gidan kamar mai neman kazar da ta ɓata.
Ta auna dokin ƙofa, ta ce a sassaƙe shi.
Ta sa Barau ya kafa gora daga ɗaki har bayan gida,
ya huda tsohuwar kujera, ya ɗora a bakin masai.
Buta aka rataye ta a reshen darbejiya da igiya a wuya,
in na taka itace sai ta sunkuya ta zuba min.
Ludayi kuwa, ta naɗe masa robar tayar keke
har ya yi ƙiba kamar taɓarya.
Na yi dariya da rabin baki.

Sannan aiki.
Wake a faranti, tsince ɗaya-ɗaya,
zuba a gwangwanin madara.
Ranar farko uku na ɗauka, biyu kaji suka amfana.
Na yi jifa da farantin.
Na zage ta, Allah ya yafe min.
Ta durƙusa ta tsince waken, ta ce, "Sai mako mai zuwa."
Ta kuwa zo.

Sa riga, hannu mai ciwo ke fara shiga,
kamar yadda ake fara ba baƙo ruwa.
Ɗaurin zani, in jingina da bango,
in danne gefe da gwiwar hannu, in ja ɗayan.
Jummala ta ce, "Kawo in ɗaura miki."
Sakina ta riƙe ta. "Bari. In ta gaji za ta kira."
Wannan ya fi musu wuya,
su naɗe hannu suna kallo.

Damina ta wuce, gero ya shiga rumbu.
Hannun bai dawo duka ba, ba zan yi ƙarya ba,
ƙaramin yatsa har yau bai san ni ba.
Daka ta fi ƙarfina.
Koko dai ni nake sha da ƙaton ludayina.

Jiya da magariba na yi alwala ni kaɗai,
na zauna gaban tuwon dawa da miyar kuka,
na yanko loma da dama.
Ta faɗi a zani.
Na sake.
Ta biyun ta isa.

Ba kowa a tsakar gida sai akuya.
Na ce da ita, "Kin gani?"

Miyar ba ta ji daddawa ba.
Gobe zan yi wa Jummala magana.